Rubutun da Inna Ta Ba Talabijin

Da la'asar ne, a gidanmu na Rurum, Baba ya kwance bayan talabijin ɗinmu da ta daina magana. Ina gefensa ina leƙe. Koren allon cikinta ya jiƙe sharkaf da baƙin ruwa mai warin tawada.

Baba ya ce, "Innalillahi! Wa ya zuba mata ruwa?"

Kakata Inna ta amsa daga kan tabarma: "Rubutu ne. Na ji muryarta ta dishe, na sam mata wanda Malam ya yi mini na ciwon ƙirji."

Na zaci faɗa zai yi. Sai ya zauna daɓas.

"Inna, ƙirjinki ciwo yake?"

Ba wanda ya sani sai ranar. Har yau in na ji warin tawada, sai na tuna ciwon ƙirjin Inna.