Fitilar Ƙaramar Tasha

Karo na biyar ke nan tsohon direban jirgin ƙasa yana gyara ƙafafun 'yar fitilar LED, doguwa ga jar waya, gajeriya ga baƙa. Ya canza batir, ya sake ɗaure wayoyin. Har yanzu duhu yake gani a ƙaramar tashar da ya ƙera da kwali.

"Shekara talatin ina tuƙa jirgi, yau fitila kamar ƙwayar shinkafa ta gagare ni!"

'Yarsa ta shigo da shayi, ta tsaya cak. Tagogin tashar duka sun haskaka fes.

"Baba, ai ta kama."

Ya sunkuya har hancinsa ya taɓa rufin kwalin.

"A ina, uwata? Nuna mini."