Jarka Arba'in

Mace ta talatin da ɗaya ke nan aka ɗaura wa abin awo a dantse, ita ma jininta lafiya lau. Dokta Siddiq ya ce a sake. Ma'aikaciyar jinya ta sake matsa robar, allura ta tsaya inda ta tsaya ɗazu. Ya fita zauren mai unguwa, ya dawo, ya sake fita.

Matan nan na Ƙofar Marusa su suka yi masa suna shekara tara da suka wuce. Ya auna fitsarin mata arba'in, ya tarar a jikin kowacce 'yar tsokar nan da ke zaune a kan ƙoda tana zubo sinadarinta fiye da kima, irin zubowar da ke haɗa wa mutum hawan jini da ciwon suga. Unguwa ɗaya, mata arba'in, sakamako kamar an buga da hatimi. Likitocin duniya suka yi ca. Takardarsa ta shiga littattafan koyarwa, ɗalibai suka ci digiri a bayanta, shi kuwa ya haye Turai ya bar wa soja ƙasarsu.

To, soja sun koma bariki. Farar hula sun hau, suna neman abin da za su yanke wa ƙyalle. Aka kira shi gida, za a gina cibiyar bincike da sunansa. Ranar Alhamis kwamiti zai zo ya ga matan da idonsa. Yau Talata.

A wancan karon shi bai ga mace ko ɗaya ba. Gidajen ba a shiga ne, shi kuma namiji. Gwaggonsa Tani, ungozomar unguwa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa, ita ta ɗauki jarkokin tara fitsarin. Ya ce mata kowace mace ta tara na yini da kwana guda, a gama cikin mako. Ta ce ba a yi wa mata gaggawa, jarka ɗaya a rana. Kwana arba'in cif, kowace safiya sai ya tarar da jarka a zaure, mai unguwa ya rubuta sunan da ta faɗa masa.

Yanzu ga sunayen sun zama mutane, ba mai ciwon kai, ba mai suga. Da ma'aikaciya ta kawo maganar a sake tara fitsari, matan suka dubi juna, suka ja mayafi, suka fara neman takalma. Ya ce kunya ce.

Ya zargi na'ura, aka aro wata, bai canja zani ba. Ya zargi tsohuwar rijiyar unguwar da aka cike. Ya zargi kanwa. Ya zargi kowa da komai, har ya rasa, ya tasar wa gidan Gwaggo da la'asar, takardu a hammata.

Ya same ta inda ya saba samunta tun yana ɗalibi, gindin randa, moɗa a hannu, ɗankwali ɗaure tamau a goshi. An yi ruwa, gari ya yi sanyi, ita kuwa zufa na bin wuyanta. Ta rame. Dangi sun daɗe da yanke cewa zafin rai ne. Bai taɓa auna ta ba. Ta ce ɗan da ta yanke wa cibiya ba zai matse mata hannu ba.

"Gwaggo, matan nan sun warke, kuma ciwon nan ba ya warkewa da kansa. Me kika ba su?"

Ta shanye moɗar kafin ta dube shi.

"Kai dai boko ya cinye ka, Siddiƙu. A garin ga, wace mace za ta ɗura fitsarinta a jarka ta miƙa ma namiji, ya tahi da shi inda ba ta sani ba, a yi mata sammu? Gida uku na shiga, na ukun da muciya suka rako ni."

Takardun suka zame daga hammatarsa.

"To jarkokin fa?"

Ta dafe ƙirji, ta jira bugun ya lafa, kamar yadda take yi shekara da shekaru a gabansa.

"Na ga ka ƙwallafa rai, ga ka maraya, ba ni iya ce maka ban samo ba. Duk arba'in ɗin nawa ne."