Ranar da Inna ta hau soro

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Baba ya kai awaki kasuwar Mai'adua, gidan daga ni sai Inna da ƙanena na goye. Ruwa na tsaka da zuba muka ji indararo ya yi shiru. Ya toshe ke nan, ruwa na kwanciya a kan rufin ƙasa, azara ta fara ƙara.

A garinmu mace ba ta hawa soro. Inna ta kwance goyonta ta ɗaura mini, ta ɗauki muciya, ta jingina tsani.

Ta ce, "Ke, tsaya bakin ƙofa. In ƙasa ta zubo miki a ka, fita da shi. Kada ki tsaya nemana."

Na tsaya ina shaƙar warin jiƙaƙƙen bango, har indararo ya feso ruwa da sheƙar tsuntsu. Inna ta sauko jagab, ta wanke muciyar, ta tuƙa tuwo.

Yanzu gwiwoyina sun gaji. Jikoki kan ce, "Kaka, zauna mana, rufin kwano ne fa."

Na sani. Amma in hadari ya haɗo, a bakin ƙofa nake tsayawa.