Atishawar Jaririya

Kowace safiya Tapsabei tana riga matar ɗanta shiga ɗakin binciken. Maigadi bai taɓa tambayarta inda za ta ba.

Matar ɗan nata, Dakta Cherotich, ciwon dajin maƙoshi take nazari, cutar da ke hana mutanen yankinsu na Bomet haɗiye ko da madara. Akwai wata 'yar tsoka da aka yanko daga maƙoshin wata majinyaciya. Cherotich ta raya ta a farantan gilashi, tana ba ta wani jan ruwa, tana bin ƙwayoyin halittarta don ta gano inda suka karkace. An daɗe da binne mai tsokar, amma tsokar ba ta daina tsiro ba.

Tapsabei ba ta son wannan aiki. Abin da aka binne, a bar shi ya tafi gaba ɗayansa. Ga kuma Cherotich da tsohon ciki. Buƙatar tsohuwar ɗaya ce: a zubar da farantan kafin haihuwa. Takan tsaya a bayan yarinyar ta yi ta faɗa, yarinya ko waiwaye. Halin 'yan boko ke nan.

"Ajiye ki sha shayi, uwar biyu," in ji Kipkemoi, abokin aikin Cherotich. "Kina ta ɗura wa abin nan abinci kamar shi zai yi miki raino."

"Rufe min baki, sarkin surutu. Duk sauran tsokokin sun mutu mana, wannan kaɗai ta ƙi. In na zubar, me zan duba?"

Cherotich ta tsiyaya jan ruwan. Tapsabei ta kau da kai.

Haihuwa ta zo, farantan suna nan. Mace aka samu. Tsofaffin matan gida suka kewaye jaririyar, suka shiga kiran sunayen mamatan dangi kamar yadda aka saba a al'adarsu: wadda jaririya ta yi atishawa da jin sunanta, ita ce ta dawo. Tapsabei ta matso har bakin gado.

An kira sunan farko, shiru. Aka maimaita, shiru. Da aka ambaci wata gwaggo, sai jaririya ta yi atishawa, mata suka ɗauki guɗa.

"Na so a ce Mama ce," in ji Cherotich, tana share ido.

Tapsabei ta juya ta kama hanyar ɗakin binciken. Sunanta aka fara kira, kuma ta ji sarai. Sai dai wadda ba ta gama mutuwa ba ba ta dawowa, ita kuwa maƙoshinta yana can cikin faranti, yana tsiro.