Batirin da Ba Na Sayarwa Ba

Ƙyaƙ, ƙyaƙ, ƙyaƙ. Sai shiru.

Tartsatsi ya daki sitiyari da hannu biyu. Ƙaramin batir na uku ke nan da ya kasa tayar da motar tserensa da zarar inji ya ɗau zafi. Ga kyan gani, ga rashin nauyi, amma ƙarfinsa bai wuce tarin tsoho ba.

"A mayar da na da," in ji Yaya, bakanikiyar motar, wadda kuma ita ta goya shi yana jariri. Ta nuna bakin gareji da sifana. Can tsohon batirin yake, baƙi, jibgege, an tokare ƙofa da shi don kada iska ta riƙa buga ta.

"Wancan dutsen? Haba Yaya, shi ke jana baya. A ƙuguna nake jin nauyinsa."

"Ƙafarka ke janka baya. Tun da ka daki shingen filin tsere kake taka birki tun kwana ba ta san da zuwanka ba."

Ya yi kamar bai ji ba.

Kawu, mai motar, ya riga ya yanke magana. In Tartsatsi bai tsallake gwajin ƙarshen mako ya shiga sahun masu tsere ba, wani direban zai hau. Akwai ma wani dogo da ya tsiri zuwa gaishe da Kawu safe da yamma, idonsa kan motar.

Don haka Tartsatsi ya shiga yaƙi da nauyi. Ya cire kujerar gefe. Ya ɓalle kafet da rediyo. Ya aske kansa tal, ya daina karin kumallo. Saura batir, kuma nan gizo ke saƙa: mai ƙarfin sai nauyi, mara nauyin sai lalaci.

Ya bi shagunan batir ɗaya bayan ɗaya har takalminsa ya gaji. A na ƙarshe ya hango wani batir cikin gilas, ja, yana sheƙi. Mai shago na share ƙura, ya ɗaga shi da yatsu biyu, ya goge ƙasansa, ya mayar.

"Wannan nake so!"

"Ba na sayarwa ba ne, ɗan'uwa. Ai wannan..."

"Na gane. Na 'ya'yan manya ne. Ka san da wa kake magana kuwa?"

Ya fice kafin mutumin ya rufe baki. A gareji ya zazzage wa Yaya baƙin cikinsa: yadda ake ɓoye kayan kirki, yadda aka ɗaga abin da yatsu biyu a gabansa. Yaya ta tambaye shi wane shago ne. Sannan tari ya sarƙe ta, ta toshe baki da tsumma, har da hawaye.

Ranar gwaji da safe ya iske jan batirin a mazauninsa, an ɗaure masa wayoyi tamau. Ya danna maɓalli, inji ya amsa tun kafin ya ɗage yatsa. Ya bar shi ya yi zafi, ya kashe, ya sake dannawa. Ya sake amsawa.

"Yaya! Ta yaya kika raba mai shagon da shi?"

"Kai dai tuƙa."

Ƙofar gareji na ta bugawa, sai da Yaya ta mirgino tsohuwar taya ta tare ta. Da ya gyara zama ya ji kujerar ta ɗan ƙara tudu.

"Na ɗaga ta ne don ka hango kwana," in ji ta. "Kada ka sa hannu a ƙasa, akwai wayoyi."

A fili motar ta zame masa kamar takarda. Da ya tunkari kwanar shinge ƙafarsa ta fara neman birki, sai ya tuna: motar da ba ta da nauyi ba ta buƙatar roƙo kafin ta juya. Ya daure, ya bar ƙafar kan totur har kwanar ta zo hancinsa, ya taka, ya karya, ya fita fes.

Ya tsallake gwaji. Kawu ya dafa kafaɗarsa, ya ce gobe shi zai yi tsere. Dogo ya tuna yana da wani uzuri.

Bakin Tartsatsi kuwa ya buɗe. Yana zaune cikin mota, direbobi sun kewaye shi, yana ba su karatu. "Ni jikina sikeli ne. Ko cokali ka jefa cikin motar nan sai na sani. Wasu sai gardama, wai ƙafa ce."

Sai ga mai shago ya ratso taron, ya gaida Yaya. "Ranki ya daɗe, aron yini ɗaya kika ce. Gilas ɗina ya yi fayau." Ya sunkuya, ya kwance wayoyi, ya ɗauke jan batirin.

Tartsatsi ya ji duniya ta juya masa. Tsere gobe, ga Dogo ya fasa uzurinsa ya dawo yana murmushi.

"Kawu, ka ga ya kashe ni! Ya kashe motar! Duba!" Ya danna maɓalli da ƙarfi don kowa ya shaida.

Inji ya ɗauka da ruri.

Mai shago ya ƙwanƙwasa jan batirin, ya yi ƙara kamar gwangwanin da aka shanye: fankon talla ne, babu komai cikinsa sai iska, wayoyin gaskiya kuwa sun bi ta ƙarƙashin kujera, inda Tartsatsi ya yini zaune daram a kan tsohon dutsensa.