Raƙumin Nagoggo

"Raƙumina ne ba lafiya," in ji Nagoggo, tana tsaye bakin ƙofar likitan dabbobi na Dakoro. "Kaya suka karya mashi ƙugu. Shekara biyu ke nan ba ya tashi, sai nishi."

Likitan ya ɗago kai. "Shekara biyu, baiwar Allah? Ba ku da imani?"

Ko takarda bai tambaye ta ba. Ya miƙo mata 'yar kwalbar maganin kashe zafi mai ƙarfi, ya ce a riƙa ɗigawa a ruwa. "In bai yi ba ku yanka shi. Haramun ne a bar dabba tana shan azaba."

Ta ƙulle kwalbar a bakin zane. Ta wuce ta gaban asibitin mutane, inda sabuwar tutar mulkin kai ke kaɗawa, ko waiwaye ba ta yi ba.

Gidan Nagoggo ko akuya babu. Mijinta Mijinyawa, tsohon ɗan dako, yana kwance kan tabarmar da yake kai tun ranar da buhunan gyaɗa suka rufta mashi.

"Sun ba ki?" ya tambaya. "Ko har yanzu sai lokotoro, likitan nan na Maradi, ya sa hannu?"

"Ba can na je ba, Malam. Wurin na dabbobi na je, na ce kai raƙumi ne."

"Me ya ce?"

"Ya ce haramun ne a bar ka kana shan azaba."

Ta ɗiga maganin a ruwa ta ba shi. Mijinyawa ya shanye ruwan.

"In kin koma," ya ce, "kada ki kuskura su gane mutum ne."