Hutun Tela a Bakin Tafki

Tela ya sauka a masaukin bakin tafki, ya kashe waya. Masu jiran ɗinki ya ce musu yana asibiti. Mutumin kirki ke nan! Sati guda ya yi yana neman wurin da babu ɓarawo, babu wanda ya san shi.

"Baba, nan akwai tsaro ko?"

"Sosai," in ji mai masaukin, yana ƙare wa sabuwar rigarsa kallo. "Ikon Allah! Wannan yadin sak wanda ɗana ya kai wa wani tela a birni, har tabon man da ke gefe. Bari in kira shi ya gani. Shi ne mai gadinmu, ɓarawo bai taɓa fita nan da ƙafarsa ba."